Na Ɗau Alhakin Akuya

Shekara talatin ina gyaran agogo a kasuwar Jega.
Kusar da ba ta kai ƙwayar gero ba,
in ta faɗi cikin rairayi, ni ke tsinto ta.
Amma ga tumatir tushe goma sha ɗaya a bayan ɗakina,
ana ci mini da rana tsaka,
ban ga mai ci ba.

Ran Talata kan tushe biyu ya koma tsinke.
Ran Laraba, uku.
Na ce akuyar Arzika ce,
jar nan mai karyayyen ƙaho.
Na leƙa ta kan katanga, na yaɓa masa magana
wadda har yau nake jin ɗacinta a harshe.
Bai tanka ba. Ya ja abarsa ya kai turke.
Ran Alhamis, akuya na ɗaure,
aka ci rabin ɗanyen tumatir,
aka bar mini rabi yana lilo.

Tumba ce ta raba gardama,
jikata, mai giɓi biyu a baki.
Ta ce, “Kaka, kai sama kake ta kallo.
Dubi ƙasa.”
Ga baƙin kashi birjik a gindin shuka
kamar an ɓarar da masoro.
Ta sa yatsa a kai, ta ɗaga ido a hankali,
reshe bayan reshe,
sai ta tsaya cak.
Na ce, “Ai ganye ne.”
Ganyen ya ɗaga kai.

Tsutsa ce, kaurin yatsana,
koriya shar, ta ari rigar abin da take ci,
da fararen zane a haƙarƙari kamar tsagar gado,
da ƙaho guda, ba a goshi ba, can a wutsiya.
Na ja, ta ƙi saki.
Ta riƙe reshe kamar ita ta kai ruwa,
kamar ita ta yi shinge.

Bayan isha’i muka fito,
Tumba da tocila, ni da gwangwanin madara.
Muna juya ganye ɗai-ɗai, muna duba bayansa,
har ƙwai muka samu, ƙanana, masu sheƙi,
na murje su da farce.
Sha bakwai muka ƙirga a daren.
Da safe kaji suka yi walima,
zakara har da gudu da biyu a baki.

Ta sha takwas daban take:
bayanta cike da farare kamar an yafa mata shinkafa.
Na kai hannu ke nan
sai murya daga bayan katanga:
“Bar wannan, Malam Hakilu.
Ƙaramar rina ce ta yi mata ajiya.
In ’ya’yan suka fito, su za su yi maka gadi.”
Arzika ne. Ashe tun ɗazu yana tsaye.
Shi ya ce in daka ganyen dogon yaro,
in jiƙa ya kwana, in ɗan gutsura sabulu,
in yayyafa da tsintsiya in rana ta yi sanyi.
In an gama ɗiba kuma, in kafce ƙasar,
don can suke shiga su kwanta
kafin su fito da fiffike.
Duk ya faɗa yana kallon ganye,
bai kalle ni ba.

Tushe tara suka tsira.
Waɗanda suka fara ja, na cika kwanon sha,
na ɗebi dusa mudu guda,
na zagaya ta ƙofar gida, ba ta katanga ba.
Arzika ya karɓi tumatir, ya ce ba komai.
Akuyar ce ta daɗe tana kallona
da waɗannan idanu nata masu tsaga a kwance,
kafin ta sunkuya.