Kunne Ɗaya a Yelwa

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaurin layin dogo,
guduma ta cinye mini kunnen hagu.
Na dama ya saura, shi ma marowaci,
sai an ɗaga murya yake ba ni labari.
To ni da kiɗa, a ina za mu gamu?

Jikata Larai ce ta ja ni,
daren Asabar, na idar da isha'i.
"Kaka, sa hula, Taurarin Gubi za su yi wasa."
Na ce taurari dai na sama,
Gubi kuwa ruwan famfo na sani.
Ta yi dariya, ta tare mana keke.

Zaure ne a bayan gidan mai, can Yelwa.
Fanka biyu, ɗaya ta yi ritaya kamar ni.
Ga Ɗanliti mai faci ya wanke hannu har gwiwa,
ga Ladi mai masa ta kife tanda tun magariba,
ga ɗalibai da wayoyi a sama,
ga wani kurtu ya bar kakinsa a gida,
yana ɓoye fuska kamar ba mu san shi ba.

Habila ya rataya jita mai tsarkiya huɗu,
ya mare ta da babban yatsa.
Ban ji ta a kunne ba.
A benci na ji ta.
Ta bi ƙafar katako, ta hau gwiwa,
ta samu wuri a haƙarƙari ta zauna,
yadda ƙarfen layi ke gaya wa tafin ƙafa
jirgi na tafe, tun yana bayan dutse.
Na ce, "Larai, wannan yaron ya san aikina."

Sai Bappayo ya ɗaga ƙahon tagulla,
mai lanƙwasa kamar wuyan zalɓe.
Ya bar hanya, ya shiga daji,
ya yi nisa har na ce ya ɓata,
Maikano na ganga bai ko dube shi ba,
yana ta riƙe masa gida.
Da ya dawo, daidai kan gaɓa ya sauka,
ba gaba, ba baya.
Zaure ya ɗauki ihu.
Ni na san daɗin jirgi ya iso kan lokaci,
sau nawa ma na gani a rayuwa?

Rifkatu ta karɓa.
Rabi da Hausa, rabi da Sayanci,
da ɗan Turanci kamar yaji a gefen faranti.
Abin da na tsinta kaɗan ne:
wani ya tafi Legas, an bar masa fitila.
Ladi ta share ido da bakin gyale,
ta ce hayaƙin tanda ne.
Tandar da ke Wunti, mu muna Yelwa.

Da aka tashi, musu ya kaure a bakin titi.
Wannan ya ce jaz ne zalla,
wancan ya ce fank, ji yadda ƙugu ke amsawa,
Larai ta ce ku dai ku ce zamani.
Suka juyo: "Baba, raba mana gardama."
Na ce ni sunan tsuntsu bai dame ni ba,
na dai ga ya tashi.

Yanzu duk Asabar benci na uku nawa ne.
Habila ya gane ni,
yakan juyo da lasifika wajen katakon,
ni kuma in kai masa goro biyu, farare.
Ba mu taɓa doguwar hira ba.
Me za mu ce?

In na dawo gida, unguwa ta yi shiru,
nakan kwanta a kan kunnen dama,
in bar mataccen yana kallon rufi.
Can cikin ƙashi, jirgin bai gama wucewa ba.