An Jeme Majemi

Shekara talatin ina kankare fata
a bakin Mayo Kaliyawo,
daga ni sai wuƙa sai ruwan bagaruwa.
Ta akuya, ta rago, har ta kada na lanƙwasa.
Sai gwiwar hannuna ta ce ta gaji.

Ba kumburi, ba jini, ba abin nuna wa mutum.
Buta kawai zan ɗaga
in ji kamar an soka mini basilla.
Wanzami ya kafa ƙaho sau huɗu.
Damina biyu ta wuce Marwa,
jijiyar na nan kamar ƙiri.

A wani ɗaki a Domayo
Asta Walde ta shafa mini mai mai sanyi,
ta ɗauko ƙarfe kamar 'yar taɓarya.
Ta ce, Baba Tanimu, da zafi, amma kada ka janye.

Tak-tak-tak-tak.
Dubu biyu, in ji ta. Ni tun a ɗari ƙirga ta ɓace mini.
Na cije wuyan riga,
na tuna yadda nake maka busasshiyar fata a kan dutse,
ba don ƙiyayya ba,
don ta tuna da can mai laushi ce.

Ashe haka take ji.

Talata biyar na je,
sefa na zuba kamar gashi a ruwan toka.
Ba zan ce na warke ba.
Amma yau da asuba na ɗaga buta,
sai da na kai wankin ƙafa
na lura ban yi tsaki ba.