Mai Wankin Kwalabe

Shekara ashirin da shida ina wanke kwalabenta,
ni Ɗan Jimma, mai ruwan zafi da sabulu.
Lekol na bari tun aji huɗu,
amma hancina ya san tsutsar da cuta ta kashe,
ya san wadda yunwa ta kashe. Warinsu ba ɗaya ba.

Madam Tsahara ta sauka Tawa daga motar Yamai
da akwati biyu, ɗaya tufafi, ɗaya madubin ƙara girma.
'Yan tasha suka ce, "Ga likitar tsutsa!"
suka yi dariya har da riƙe ciki.
Ta ce, "Likita warkarwa yake.
Ni ciwo nake nema wa tsutsa."

Ta same shi a gonar wake, bayan Funkoye,
ran wata Laraba da hadari ya yi alkawari ya saɓa.
Tsutsa guda, rataye kai ƙasa a jikin ganye,
ta narke kamar man shanu a rana.
Madam ta durƙusa, zanenta cikin ƙarangiya,
ta daɗe ba ta ce komai ba.
Sannan: "Ɗan Jimma, kawo kwalba.
Mai cin waken nan, akwai mai cinsa."

Birus take kiransa.
Na tambaye ta girmansa, ta ce in ɗauki ƙwayar gero
in raba dubu, in sake raba guda ɗaya dubu,
in na gaji in huta, ban iso ba tukuna.

Muka kiwata tsutsa kamar masu kiwon tumaki,
muka ciyar da su, muka sa musu ciwo,
muka daka gawarsu a ƙaramin turmi,
muka tace da ƙyallen akoko.
Feshi sai da almuru, don rana tana kashe shi,
shi ma baƙo ne, bai jure zafin Adar ba.

Shekarar da kuran ya ɗauke kwana biyar,
firigo ya yi shiru, aikin shekara tara ya ruɓe a ciki.
Na ɗauka za ta fasa kuka.
Ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango,
ta ce in dafa shayi, in rage sukari.
Da asuba na ji ƙarar babur ɗinta.

Alhu Ganda ya tare ta a bakin gonarsa:
"Cuta za ki zuba mini a abinci?"
Ba ta yi masa dogon bayani ba.
Da kaka ta yi, ta dafa waken feshinta,
ta ci a gabansa da manja da yaji,
ta miƙa wa ɗanta ragowar kwano.
Bayan damina biyu shi ya fara lura
zuma ta dawo furen wake,
matansa sun daina tarin maganin gwangwani.
Bai ce na gode ba. Buhu ya aiko.

Ba ko yaushe aka ci nasara ba.
Wata shekara fara ta zo, birus bai san ta ba,
muka tsaya muna kallo kamar kowa.

Ta rubuta takardu da harshen da ba na ji.
A ƙarshen ɗaya ta nuna mini da yatsa:
"Ga sunanka nan."
Na ce, na mai wankin kwalba?
Ta ce, "Kwalba mai dauɗa ƙarya take faɗa."

Yanzu idonta ya yi rauni, ta koma gida Wadata,
tana shuka yakuwa a tsohon bokiti.
Wata yarinya, Rakiya, ta gaji teburinta.
Jiya ta shigo da ganye a tafin hannu,
tana tambaya ko wannan ta mutu da cuta.

Na sunsuna.
Na ce, kawo kwalba.