Takwas da Takwas

A fadamar Aliero na ɗaura wani aure,
ba goro, ba sadaki, ba 'yan rakiya:
jar albasar Baba, mai kai kamar dunƙulen hannu,
da 'yar'uwarta siririya mai lawashi,
wadda ba ta yin kai, amma cuta na shakkarta.
Da gashin kaza na ɗebi garin fure,
na shafa, na rufe da jakar takarda
kada ƙuda ya yi mini shisshigi.

Iri ya fito, baƙi wuluk.
Na shuka. Ya tsiro, ya ɗara iyayensa tsayi,
har masu wucewa a babur suna rage gudu.
Baba Nomau ya murza ganyen, ya shinshina yatsa,
ya ce, "Ɗiyata, wanga abu shina da kyawo,
amma mu ga ɗiyanai tukuna."

A ɗakin bincike, da azahar, aka ɗauke wuta,
na ja madubin ƙara girma kusa da taga.
Na murƙushe kan fure a gilashi,
na ɗiga jan rini, na leƙa.
Ga zaruruwan gado nan, sha shida cif,
takwas na uwa, takwas na uba.
Kamata ya yi kowane ya nemi abokinsa,
su jeru bibbiyu kamar shanun huɗa.
Wasu sun jeru.
Wasu da ƙyar suka riƙe juna da ɗan yatsa.
Biyu kuwa suna can gefe,
baƙin da suka zo biki ba su jin yaren gidan.

Na ƙirga ƙwayar garin fure ɗari uku.
Mai rai kan sha rini ta yi ja,
sauran fanko ne, ƙaiƙayi.
Ja goma sha ɗaya na samu.
Na goge ido, na sake ƙirgawa. Sha ɗaya.

Bayan magariba na gaya wa Baba.
Ya yi dariya har hularsa ta karkace:
"Ashe alhwadari kinka yi muna!
Ga ƙarhi, ga kyawo, ba haihuwa."
Na ce, "Baba, alfadari ba shi da sha ɗaya."

Ya yi shiru, idonsa a kan rumbu
inda rabin albasar bara ta ruɓe
tun kafin farashi ya tashi.
Can ya miƙe, ya damƙi wata kaza,
ya fizgo gashi biyu,
ya miƙo mini ɗaya.