Ƙarfen Baba a Kan Takarda

Kwalin sabulu na farke da daddare,
na juya cikinsa, fari fat, ba rubutu.
Almakashin Inna ya dushe tun bara,
sai na bi layi da reza a hankali
kamar mai yanke wa jinjiri farce.

Talatin Hajiya Delu ke so kafin Laraba,
na ratayawa a wuyan kwalaben humra,
kowane da sunan ƙamshinsa.
Ta ce in yi mai kyau.
Ba ta ce nawa ba.

Biro na fara ɗauka.
Hannu ya san hanyar da kai bai sani ba:
ɗigo, ɗigo, ɗigo, sai ga zabuwa,
lanƙwasa biyu, ga ganyen zogale.
Wani layi ya kauce, na ƙi jefarwa,
na ba shi ƙafa huɗu da jela,
ya zama ƙadangare yana leƙen farce da hawi.

Hatimina ƙasan tsohon silifa ne.
Sagir ya sassaƙa mani shi da aska,
fure mai kunne biyar, ɗaya ya fi sauran ƙiba.
Na gwada zoɓo, ya ba ni ja,
amma jan maƙaryaci ne,
kwana uku ya koma ruwan toka.
Shuni na roƙo a marina cikin murfin kwalba,
shi kam in ya zauna ya zauna,
har a babban yatsana, har a sallar asuba.

Sai gwangwanin madara da ke bayan tukunya.
Shekara shida ba a buɗe shi ba.
Ƙarafan Baba ne, ƙirar Darma,
da su ya ci da mu a bakin Ƙofar Soro,
yana buga tauraro a jar fata,
kube da jaka da linzami,
guduma na amsa masa kamar mai tasbihi.

Na ɗora guda, na buga yadda na ga yana yi.
Takarda ta fashe.
Na sake. Ta fashe.
Ashe ita ba akuya ba ce, ba ta san duka ba.

Sai da na kara ta a tururin buta
ta yi laushi kamar ganyen da aka kwana da shi,
na shimfiɗa ta bisa zane ninki huɗu,
na danna da tafin hannu, na jingina nauyina,
na ƙirga bakwai.
Na juya.
Tauraro ya taso, ba tawada, ba launi,
ba ya nuna kansa sai an karkata shi ga fitila.

Inna na gefe bisa tabarma.
Yana ta rufe mata ido, ba ta ganin zabuwata,
ba ruwanta da shuni.
Ta ce miƙo in ji abin da ya hana ki barci.
Yatsanta ya bi gefe, ya zo tsakiya, ya tsaya.
Ya koma baya. Ya sake tsayawa.

Ta ce, wannan na Ilu ne.
Ga giɓin nan a ƙahon hagu.
Ranar da aka haife ki ya yar da shi kan dutse,
garin saurin zuwa kiran ungozoma.

Ni da na ɗauka aibin ƙira ne,
har ina shirin cike shi da biro.

Ta ƙulle katin a bakin zanenta,
inda goro da canjin cefane ke kwana.

Laraba Hajiya Delu ta baza su a tire,
ta lashi yatsa, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.
Ashirin da tara, in ji ta.
Na ce kwalin ne ya ƙare.