Taswirar Dutsen Kanoma

Kwana tara muka yi a bisa dutsen,
ni da Rilwanu safiyo, da tsoho Nomau mai ja-gaba.
Ni ke saɓe da na'ura mai ƙafa uku,
da jarkar ruwa, da fegi talatin masu jan baki.

Rilwanu ya kanne ido, ya leƙa, ya kira lamba,
ni in rubuta.
Tsawo kaza daga doron teku.
Tekun da ban taɓa gani ba,
wai daga can ake fara ƙirga dutsenmu.

Nomau ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
"Wanga dutsi da gwiwa aka auna shi, ɗana.
Sadda nike yaro gajere ne.
Bana ya ƙara tsawo."

Ya nuna mana kwarmin da ruwa ke kwana har bazara,
falalen da rema ke shan hantsi,
kogon da kakarsa ta ɓoye dawa shekarar fara.
Nan Tsallaken Ige.
Can Wuyan Raƙumi, kada ka hau shi da takalmi.
Kowane lungu da sunansa,
kowane suna da wanda ya zame a wurin.

Gefen arewa ba mu kai ba.
Ƙudan zuma suka koro mu,
na bar hulata a can, da fegi shida.
Rilwanu ya cike gurbin da kintace,
leɓensa a kumbure, hannunsa bai ko girgiza ba.

Bayan wata biyu takarda ta fito daga Gusau.
Layuka sun nannaɗe, zobe cikin zobe,
inda suka matsu, nan numfashi ya taɓa ƙare mini.
Na kai wa Nomau. Ya juya ta sama da ƙasa,
ya dubi babban yatsansa, ya dube ta:
"Ashe shi ma dutsi sun sa shi ya dangwala.
To ina Ige?"

Babu Ige. Lamba ce a wurin.

Damina ba ta iske Nomau ba.
Gara ta cinye fegin, na ji an ce.
Tawa takardar tana ƙasan katifa,
na bi ta da fensir, suna bayan suna,
iyakar waɗanda na riƙe.
Akwai wani kwazazzabo gabas da kwarmin ruwa,
ya faɗa mini sunansa ina ɗaure igiyar takalmi.