Harsashin Da Ya Kwana A Hanya

Ranar Laraba a filin harbi,
dutsen Kufena na can yana kallonmu,
Jatau ya ja kunama sau huɗu, sau huɗu ta amsa.
A na biyar sai ta yi tari,
tarin tsoho a sahun baya,
ko hannunsa ba ta girgiza ba.

Na ce, tsaya!
Yaron ya waigo, yatsa na kan kunama.

Na karɓe ta, na zare sauran,
na zura tsinken ƙarfe ta baki.
Rabin hanya ya ci karo da baƙo:
dalma ta tokare maƙogwaro kamar ƙayar kifi.
Da ya bi ta da na shida,
da yau da hagu yake cin tuwo.

Kwalin sabo ne fil,
hamsin a jere, kowanne da sheƙinsa.
Can a wata masana'anta
inji ya yi gyangyaɗi daƙiƙa guda,
ko mai dubawa ya juya neman shayinsa,
kwanso ɗaya ya wuce babu albarushi,
ya haye teku, ya shigo Zariya
yana cigiyar hannun Jatau.

Da yamma na biya Tudun Wada sayen rake,
dalmar na aljihuna tana bugun makullai.
Shekara ashirin da uku ina koyar da ido,
yau na ce kunne ma ya fito aiki.
Wadda ta yi tsawa ta gama magana.
Wadda ta yi raɗa,
da saura a bakinta.